Ɗakin Bayan Shagon Ɗinki

Makon jiya wata a cikinku ta ce da ni, tana danna waya ko kallona ba ta yi ba, wai ai wannan aikin ba wani abu ba ne, saurare ne da rarrashi, duk macen da ta yi raino ta iya. Ban tanka mata ba, domin a lokacin akwai wadda take jirana a ciki. Yau da kuka hallara ku shida, kowacce da takardar kwas ɗin sati biyu a jaka, sai ku gyara zama ku ji yadda aka yi wurin nan ya samu. Ku ajiye wayoyin nan. Abin da zan faɗa ba na ɗauka a waya ba ne.

Ni tela ce. Kafin a san ni da Inna Asabe mai raka mata asibiti, Asabe mai ɗinki ake ce mini. Shagona yana wani layi a Gyadi-Gyadi, keke biyu da teburin yanka. Firamare kawai na gama. Wadda ta koya mini aikin nan Sista Talatu ce, ma'aikaciyar jinya da ta tsufa a ɗakin mata har ta yi ritaya, take kawo mini ɗinki. Gajera ce, mai faɗa, ba ta iya doguwar gaisuwa ba. Wata rana ta zo karɓar atamfarta, ta leƙa ɗan ɗakin da ke bayan shagon inda nake tara ƙyallaye, ta ce, "Asabe, ba ni ɗakin nan."

Na ce, "Sista, me za ki yi da wannan akurkin?"

Ta zauna a benci ta gaya mini abin da ta yi shekaru tana gani. Za a yi wa mace fyaɗe, ba za ta isa asibiti ba sai bayan sati, ko wata, ko sai ciki ya fito. Ba don ba ta san hanya ba. Don ba ta da inda za ta fara shiga ta buɗe baki ba tare da an nuna ta da yatsa ba. Ta ce, "In na kafa allo na rubuta abin da ake yi a nan, ko kaza ba za ta shigo ba. Amma shagon tela, wace mace ce za a tsare a tambaye ta me ta je yi?"

Haka aka fara. Ba ofis, ba mota, ba bikin buɗewa. Sista ta bi ungozomomi da masu kitso da malaman islamiyyar matan aure, daga Gyadi-Gyadi har Tarauni da Babban Giji, tana gaya musu a kunne: duk wadda abin ya sama, ta zo ta ce ɗinkin Sista ta kawo. Da na ji wannan kalmar, sai na ɗaga labule na wuce da ita ciki.

Ta farko da na zauna da ita, ni na kore ta. Budurwa ce, ɗaliba, ta zo da hantsi Sista ba ta iso ba. Na ba ta wuri ta zauna, ta yi ta murza bakin mayafinta, can ta ce wani maƙwabcinsu ne da take kira Yaya ya ce ta zo ɗakinsa ta karɓi littafi. Ni kuwa, da zuciya ɗaya, da muryar uwa, na ce, "Haba 'yar nan, ke kuwa me ya kai ki ɗakin namiji?" Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Haka Umma ma ta ce." Ta miƙe ta sa takalminta ta fita. Ban san sunanta ba, ban san gidansu ba, har yau ban san ko ta sami magani ba.

Da Sista ta zo na gaya mata komai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wannan tambayar duk garin nan zai yi mata ita. Ta zo nan ne don ta sami wuri ɗaya da ba a yi. Daga yau, wata shida ba za ki buɗe baki a ɗakin nan ba. Ki kawo shayi, ki zauna a bakin labule, ki yi kallo."

Wata shida cur. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, amma aka mai da ni mai ɗaukar fulas. A nan na ga yadda Sista take zama a tabarma, ta bar wa mace kujera, don kada ta zama tana kallonta daga sama. Na ga ba ta taɓa zama tsakanin mace da ƙofa ba. Ba ta dafa kafaɗar kowa sai ta nemi izini, domin jikin da aka taɓa da ƙarfi jiya ba ya son hannun kowa yau, ko da na tausayi ne. Tana iya yin shiru rabin awa, ba ta tari, ba ta duba agogo. Kuma ba ta taɓa cewa "ki yi haƙuri" ba. Ta ce a bakin mutanenmu, in an ce da wadda aka zalunta ta yi haƙuri, ana nufin ta rufe bakinta. Abin da take fara faɗa kullum iri ɗaya ne: "Na yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Me kike so mu fara yi?"

Kayan aikinmu kuna ganinsu a kwaba kuna dariya. Zannuwa da hijabai wankakku, masu launin da ba ya jan ido, don mace ta sami abin da za ta sa in an karɓi nata. Manyan ambulan na takarda, a ciki ake sa kayan da ke jikinta lokacin da abin ya faru. Kada na sake ganin wata ta ɗauko leda. Leda tana gumi, kaya su yi fumfuna, shaida ta lalace, lauyan wancan ɓangaren ya yi ta murmushi. Sai littafi, wanda babu sunan kowa a ciki sai lamba. Sai ƙaramar waya mai madanni, wadda ba ta ɗaukar hoto. Da gangan muka saye ta haka.

Abu mafi wuya a aikin nan shi ne ruwa. Duk macen da ta shigo, in ba ta riga ta yi wanka ba, shi take nema kafin komai. Tana jin ƙazanta a jikinta, ga salla tana jiranta. Ke kuma aikinki ki dubi idonta ki roƙe ta ta jinkirta har likita ya duba ta, domin abin da za ta wanke shi ne zai tsaya mata a kotu. Mun je mun tambayi malamai, suka ce jinkirin 'yan awoyi don neman lafiya da neman hakki lalura ce. Duk da haka wata za ta ce ba za ta iya ba. To sai ki ɗauko mata bokiti da sabulu, ki yi shiru. An riga an yi mata dole sau ɗaya, ba ke ce za ki yi mata ta biyu ba.

Sai kwana uku. Maganin da ke kare mace daga cutar ƙanjamau, in ba a fara shi cikin kwana uku ba, ya zama banza. Kwana ukun nan kuwa su ne dangi suke cinyewa a taro. Ranar farko a kira kawu, rana ta biyu a jira baffa ya dawo daga kasuwar ƙauye, rana ta uku a yi shawarar ko za a gaya wa kaka. Na taɓa tsayawa a tsakar gidan wasu mutane na ce, "Ku ci gaba da taronku, ku ara mini ita awa biyu." Uban ya ce ba ni da kunya. Na ce na ji, a miƙo mini hijabinta.

Kuna tsammanin 'yan mata ne kawai ke zuwa. Mun karɓi matan aure, mun karɓi zawarawa, mun karɓi ɗaliban jinya da fararen kayansu a jaka, mun karɓi tsohuwa mai jikoki, mun karɓi uwa da yarinya a goye wadda ba ta iya faɗar sunan abin da aka yi mata ba. Kuma da wuya a ce baƙo ne ya yi. Wanda ake gaisawa da shi ne kullum.

Rabi ta zo mana ne a shekara ta shida, wadda har yau muke kira muguwar shekara. Da hantsi wani mai adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar shagon, ya fito ya durƙusa, ya ce, "Inna, ɗinkin Sista muka kawo." Na san shi, sunansa Sule, ya sha ɗaukarmu zuwa asibiti, da haka ya gane abin da ake yi a bayan labulen. Matarsa ce a zaune a baya, ta rufe fuska. Shekararsu biyu da tasowa daga wani ƙauye a ƙasar Rano, suna haya a wani layi wajen Darmanawa. Namiji na farko ke nan da ya taɓa kawo mana matarsa da hannunsa.

Zazzaɓi take yi, ta je kemis ɗin layinsu da la'asar. Mai kemis ɗin ana ce masa Dakta, alhali bai taɓa shiga makarantar likita ba. Ya ce sai an yi allura, ya shigar da ita ɗakin baya. Allurar da ya yi mata ta kashe mata jiki. Tana gani, tana ji, amma ko yatsa ba ta iya ɗagawa. Da ya gama ya jira ta farfaɗo, ya miƙa mata ƙwayoyin zazzaɓi a leda, ya ce, "In kin faɗa, wa zai yarda da 'yar ƙauye a kaina?" Washegari da safe ta gaya wa mijinta.

Muka tafi asibiti ni da Sista da ita. Likita mace ta duba ta, ta ɗebi jini da fitsari, ta rubuta rahoto, aka fara mata magani. Daga nan Sista ta tambaye ta, "Kina so a kai ƙara, ko ba kya so? Duk wanda kika zaɓa muna tare da ke." Rabi ta ce, "Matan layinmu duk wajensa suke zuwa allura. A kai."

A wani caji ofis, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ɗan sandan da ke kan kanta ya ɗaga murya yadda duk mutanen da ke benci za su ji, ya ce, "Wace ce aka yi wa fyaɗen?" Da ya ji sunan wanda ake ƙara, sai ya rufe littafinsa ya ce mu je gida a sasanta, maganar unguwa ce. Sista ta nemi benci ta zauna, ta ajiye jakarta a cinya, ta ce, "Ɗana, ni na yi ritaya, ba ni da wurin zuwa. Ina nan har ka rubuta." Daga azahar har bayan la'asar muna zaune. Sai da wata babbar jami'a ta zo wucewa ta tambayi abin da tsofaffin nan suke jira, sannan aka buɗe littafi. Aka kama Dakta. Bayan 'yan makonni aka ba da belinsa, ya koma ya buɗe kemis ɗinsa, mutane suna zuwa yi masa jaje.

Jaje! Ita kuwa Rabi ko a bakin famfo mata sun daina amsa gaisuwarta.

Ranar wata Asabar dattawa huɗu suka yi sallama a shagon. Jagoransu Alhaji Ilu ne, mai ginin da nake haya a ciki, abokin mahaifin Dakta. Suka sa aka kira Sule. Rabi tana ɗakin ciki, labule ne kawai tsakaninmu. Alhaji Ilu ya yi doguwar addu'a, sannan ya ce Dakta mutum ne mai iyali, shi ya saya wa masallacin layinsu janareta, ba a taɓa jin sa da wani abu ba. Shaiɗan ne. Ya ce a rufa wa juna asiri, a janye ƙara, za a saya wa Sule sabuwar adaidaita tasa ta kansa, ya huta da tuƙa ta wani.

Sule ya sunkuyar da kai. Mutumin da yake fita tun asuba yana tuƙa abin hawan wani, aka ajiye masa wannan a gaba.

Sista ta ce, "Alhaji, ba Sule aka yi wa ba, ba ni aka yi wa ba. Mai maganar tana ciki. Ita za a tambaya."

Alhaji Ilu ya ce, "Sista, da mijinta a zaune za a tambayi mace?"

"Da aka yi mata allurar, mijinta aka tambaya?"

Sai muryar Rabi ta fito daga bayan labule, a hankali. "Baba Alhaji, ina gaisuwa. Asirin wa za a rufa? Nawa dai ya riga ya tonu, har yara suna waƙa da sunana. Nasa ne ya rage. Ni ba zan janye ba. In maigidana yana son adaidaitar, ya karɓa, amma ba da bakina ba."

Sule ya ɗago ya ce, "Alhaji, kun ji abin da ta ce. Ni ma shi ke nan."

Ku lura da kyau, domin a nan da yawa suke ɓata aiki. Da Rabi ta ce ta janye, da mun raka ta ta janye. Mun yi haka da mata da yawa, ba mu taɓa ce wa ɗaya ta ci amanarmu ba. Ba mu ne za mu koma layin mu zauna da mutanen ba. Shari'ar tata ce.

Sati bai cika ba aka fara. Aka ce muna karɓar kuɗin Turawa don mu tozarta mutanen kirki. Aka ce muna koya wa mata ƙarya, wai duk wadda ta yi lalata aka gane ta, sai ta rugo wajenmu mu wanke ta. Matan da suka yi shekara goma suna kawo mini ɗinki suka aiko a karɓar musu yadinsu ba a ɗinka ba. Mu bakwai ne masu aikin a lokacin, biyar mazajensu suka hana su fitowa, ban kuma zarge su ba. Mai adaidaitar da Sule yake tuƙawa ya karɓe makullinsa, Sule ya koma dako a kasuwa. Alhaji Ilu ya aiko mini da takarda na tashi daga shagonsa, wai zai yi gyara. Gyaran da har yau ba a yi ba.

Sai mahaifin Rabi, Malam Hudu, ya zo daga ƙauye da ƙannensa biyu da limaminsu. Labari ya kai musu a karkace. A tsakar gidan hayar, gaban 'yan haya, gabana, ya ce 'yarsa ƙarya take yi, ita ta kai kanta, ta jawo masa abin kunya, kada ta sake taka masa gida. Rabi tana durƙushe a gabansa. Ko ruwan da ta kawo masa bai sha ba.

Da damina ta tsaya, hawan jini ya kayar da Sista, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Na kwashe kekunan ɗinki da kwabar nan na kai soron gidana a Tarauni, na rataya labule a tsakiya. Nan wurin ya koma, ni kaɗai. Mata ba su daina zuwa ba, domin masu yi ba su tafi hutu ba. In na rasa yadda zan yi da wata, sai na je gaban gadon Sista na faɗa mata, ta amsa mini da rabin baki, ina kara kunne.

Kotu kuwa, duk wadda ba ta iya zaman benci ba ta nemi wata sana'ar. Yau lauyan Dakta ba shi da lafiya. Wata mai zuwa alƙali ya tafi taro. Na gaba ma'aikata suna yajin aiki. Na daina ƙirga sau nawa aka ɗage. Kowane zama sai Sule ya bar dakonsa, Rabi ta ɗauro zani ta zo ta zauna tana kallon ƙeyar mutumin da ya yi mata wannan abu, ya sha shadda da turare, sannan a ce a dawo. Rana ɗaya aka ce fayil ya ɓata, har da rahoton likita. Ba su san Sista ba. Tun ranar farko ta sa na yi hoton kowace takarda sau uku, na ajiye a gida uku. Na kai wa lauyar gwamnati, likitar ta zo ta tabbatar da sa hannunta, aka ci gaba.

A shekara ta biyu da fara shari'ar wata mata ta yi sallama a sorona, ta ce ɗinkin Sista ta kawo. Ba zan ba ta ko sunan ƙarya ba. Daga layin su Rabi take. Ita ma an yi mata allurar nan, shekara huɗu kafin Rabi, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta ce tana cikin waɗanda suka daina amsa gaisuwar Rabi a bakin famfo, kuma tun daga ranar abinci ba ya yi mata daɗi. Ta yarda za ta ba da shaida, alƙali ya sa aka fitar da 'yan kallo ranar da ta yi magana.

Ranar da Rabi ta tsaya, lauyan Dakta ya yi awa biyu yana juya ta. Wane irin zani ta ɗaura? Me ya sa ta je ita kaɗai? Ta taɓa yi masa murmushi? Can ya cire tabarau ya ce, "Malama, kemis ɗin nan a bakin hanya yake. Kin yi ihu?"

Ta ce, "Ban yi ba."

Ya juya ya dubi alƙali yana jinjina kai. "Ba ki yi ihu ba. Me ya sa?"

"Allurar da ya yi mini ce ta hana. Ni ban san sunanta ba. Ka tambaye shi, ga shi nan a zaune, shi ya zuƙo ta."

Lauyan ya mai da tabaransa ya ce ba shi da sauran tambaya.

Sista ta rasu wata biyu kafin hukunci. Shekara uku da wani abu bayan ranar da Sule ya tsaya a ƙofar shagona, alƙali ya sami Dakta da laifi, ya tura shi gidan yari, aka rufe kemis ɗin. Kada ku ɗauka haka suke ƙarewa. A duk shekarun da na yi, waɗanda suka kai nan ba su cika yatsun hannuna ba. Kuma ba wanda ya zo ya ce mana sannu. Alhaji Ilu in mun haɗu a wurin suna sai ya ce, "Hajiya Asabe, kwana biyu," kamar ba shi ya watso mini kekuna waje ba. Matan da suka janye ɗinkinsu suka dawo da shi ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana cewa ita dama tun farko ta san mutumin nan ba na Allah ba ne.

A ƙofar kotu Rabi ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, abin da alƙali ya karanta, ana ba mutum takardarsa?" Na ce ana bayarwa. Na yi sati uku ina sintiri kafin a buga mata hatimi a miƙo mini. Da Turanci take, shafi da yawa, ita kuwa Rabi ko harafi ɗaya na boko ba ta sani ba. Na tambaye ta me za ta yi da ita. Ta ce, "Ki raka ni gida."

Muka shiga motar haya ni da ita da Sule, muka isa ƙauyen kafin azahar. Ba ta shiga gidan ba. Ta durƙusa a ƙofar gida inda Malam Hudu yake zaune a tabarma, ta gaishe shi, ya amsa ciki-ciki. Ta roƙi a kira mata baffanninta biyu da liman, waɗanda ya je da su Kano. Sule ya je ya ɗauko hedimastan firamaren garin. Kafin a jima mutane sun kewaye mu.

Hedimasta ya tsallake dogon bayanin lauyoyi ya nemo ƙarshe, yana karantawa yana fassarawa. Ya zo inda alƙali ya ce kotu ta gamsu Rabi gaskiya ta faɗa, kuma ba da yardarta aka yi ba.

Rabi ta ce, "Malam, don Allah maimaita wurin nan."

Ya maimaita.

"Ƙara ɗaya, Malam. Baffa Sani ba ya ji sosai."

Ya ɗaga murya ya sake faɗa. Malam Hudu yana ta jan carbi, idonsa a ƙasa. Can ya ce, "Rabi, shiga ciki ki sha ruwa, kin sha hanya."

Tana durƙushe, kanta a sunkuye, ta ce, "Baba, zan sha. Amma a gaban su Baffa ka ce na yi ƙarya."

Liman ya buɗe baki zai sa baki, na dube shi, ya fasa. Malam Hudu ya ajiye carbin a tabarma ya ce, "Ku shaida, ni na yi kuskure. 'Yata ba ta yi ƙarya ba. Rabi, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe, Baba." Ta miƙa hannu ta karɓi takardarta daga wajen hedimasta, ta naɗe ta, ta sa a cikin hijabi. Sannan ta shiga ciki wajen mahaifiyarta, muka jiyo kuka daga tsakar gida.

Sun so mu kwana, Rabi ta ce mijinta yana da aiki gobe. Bayan la'asar muka kamo hanya. Ba mu yi nisa ba na ji nauyi a kafaɗata, na duba, Rabi ce ta yi barci, bakinta a buɗe kamar ƙaramar yarinya, hannunta a kan takardar. Sule ya juyo daga kujerar gaba ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Inna, rabon da na ga ta yi barci haka tun kafin allurar." Sannan ya taɓa direba ya ce, "Malam, don Allah bi ramukan nan a hankali."